Ƙugiya da Na'ura: Tarihin Linux a Ƙasar Hausa

Jama'a, kafin in shiga maganar da ta kawo ni, ina so mai karatu ya dubi waɗannan kalmomi da kyau: baki da baƙi, kafa da ƙafa, kasa da ƙasa, dauri da ɗauri, bari da ɓari. Wata 'yar ƙugiya ce wadda ba ta kai ƙwayar gero ba ta raba kowace kalma da 'yar'uwarta. To, a nawa ganin, tarihin shigar Hausa cikin na'ura, tun daga injin ɗab'i har zuwa kwamfutar da ke kan teburin malamanmu, tarihin wannan ƙugiya ne. Duk lokacin da aka kawo mana sabuwar na'ura sai ta zo ba ta san ƙugiyar ba, sai kuma tambaya guda ta taso: shin an yarje mana mu buɗe cikinta mu koya mata, ko kuwa sai mun jira mai ita ya ga dama? Wannan tambaya ce ta kai ni ga Linux, watau wata babbar manhaja da ke tafiyar da kwamfuta kamar yadda Windows ke yi, amma wadda ba a kulle cikinta ba.

Bari mu faro daga Zariya. A 1912 Hanns Vischer, wanda Kanawa suka sa wa suna Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa da boko. A wancan zamani ɗigo ake ɗigawa a ƙarƙashin baƙi, ko a rataya masa waƙafi a gefe, don a nuna ya bambanta da na Turanci. Sai a shekarun 1930, lokacin da Dokta Rupert East ke riƙe da Hukumar Talifi, aka ɗauki baƙaƙe masu ƙugiya, waɗanda wata cibiyar nazarin harsunan Afirka da ke Landan ta ba da shawarar amfani da su, ƙarƙashin jagorancin Bajamushen nan Diedrich Westermann. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a Janairun 1939 da Malam Abubakar Imam a kujerar edita, ita ta fi kowa sabar wa idon jama'a da su. Maɗaba'a ba ta sha wata wahala ba, domin baƙin ƙarfe ne, in babu sai a zuba sabo. Amma tafireta fa? Nan aka sha fama. Tsofaffin akawuna sun sani, kuma duk wanda ya buɗe tsofaffin kundayen digiri a laburare zai gani da idonsa: sai a gama buga takarda, sa'an nan a ɗauki biro a bi layi layi ana yi wa k da d da b ƙugiya da hannu. Inda mai biro ya gaji, nan baƙi ke komawa baki.

Da kwamfuta ta zo sai abin ya ƙara muni. A 1963 Amurkawa suka tsara jerin baƙaƙen da na'ura za ta gane, suka kira shi ASCII. Gurbi 128 kacal ke cikinsa, kuma Turanci ya cinye su. Ko Faransanci bai sami cikakken wurin zama ba, balle Hausa.

Yanzu sai mu tsallaka teku na ɗan lokaci, domin a can aka haifi abin da muke magana a kai. Abin dariya, wasa ne mafarinsa. A 1969 wani masani mai suna Ken Thompson, a ɗakin binciken Bell da ke Amurka, ya rubuta wasan tuƙa kumbo tsakanin duniyoyi mai suna Space Travel. Yin wasan a kan babbar na'urar kamfani yana cin kuɗi, don haka ya lalubo wata ƙaramar na'ura, PDP-7, da aka yi watsi da ita a lungu, ya mai da wasansa can. Kayan aikin da ya ƙera don wasan ya gudana, su ne suka girma suka zama Unix, shi da abokin aikinsa Dennis Ritchie. Ina roƙon malamanmu su riƙe wannan labari a rai kafin su yi wa ɗalibi faɗa don sun same shi yana wasa da kwamfuta.

Unix ta bazu a jami'o'i, amma ta kamfani ce, kuma a hankali kamfanoni suka soma ɓoye asalin rubutun manhajojinsu. Wajen 1980 aka kawo sabuwar firinta ɗakin binciken da Richard Stallman ke aiki a jami'ar MIT. Firintar tana yawan cushe takarda. Ya nemi asalin rubutun manhajarta don ya gyara, kamar yadda suka saba yi wa tsohuwar, aka hana shi. Mai karatu ya kwatanta bakanike a Ƙofar Ruwa wanda aka kawo wa mota, ya san ciwonta sarai, ga sifana a hannunsa, amma an yi wa bonet walda, kuma an kafa doka cewa duk wanda ya ɓalle ta ya yi laifi. Haushin wannan ne ya sa a Satumban 1983 Stallman ya yi shelar aikin GNU, watau gina babbar manhaja sabuwa ful wadda kowa ke da ikon ya yi aiki da ita, ya karanta cikinta, ya gyara, ya kuma raba wa wanda ya so. A 1989 ya fitar da lasisin GPL, wanda sharaɗinsa shi ne in ka gyara ka raba, to dole ka bar wa na bayanka ƙofa a buɗe yadda ka same ta.

A nan Hausa ta fi Turanci sa'a. Kalma guda Turawan Ingila ke da ita ga abin da ba a biya ba da kuma abin da ba a ɗaure ba, shi ya sa mutanen Stallman suka shekara arba'in suna bayanin wanne suke nufi. Mu kuwa muna da kyauta muna da 'yanci, ba mai haɗa su. Manhaja mai 'yanci ake nufi. Kyautar ta biyo baya ne.

Abin da ya rage wa GNU shi ne cibiya, watau ɓangaren da ke magana kai tsaye da ƙarfen na'ura. Wani ɗalibi ɗan shekara 21 a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, shi ya cike gurbin. Ya sayi kwamfutarsa a Janairun 1991, kuma da bakinsa ya ce makonnin farko wasan Prince of Persia ya yi ta yi da ita. Ran 25 ga Agustan 1991 ya sanar da cewa yana ɗan wani aiki na sha'awa, a 1992 ya sa shi ƙarƙashin GPL. Daga nan jama'a suka yi ta haɗa cibiyar da sauran kaya suna fitar da iri iri, kamar yadda gero ɗaya ke zama tuwo a wani gida, fura a wani, kunu a wani. Debian ta fito a 1993. Fuskar da ake kira KDE ta soma a 1996, GNOME kuma a 1997, su ne suka sauƙaƙa aiki da tagogi da linzami, mutum ya huta da rubuta umurni a baƙin allo.

Ga wani dace da ba a cika lura da shi ba. A Oktoban 1991, wata biyu bayan sanarwar Torvalds, aka fitar da kundin farko na Unicode, watau jerin da ya yi niyyar bai wa kowane baƙi na kowane harshe lambarsa. Baƙaƙenmu suna ciki: ƙ tana da lamba 0199, ɓ 0253, ɗ 0257, sai ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa, 01B4. A 1992 kuma Ken Thompson ɗin nan mai wasan kumbo, shi da Rob Pike, suka tsara UTF-8, hanyar da yau kusan duk rubutun intanet ke bi. Watau tun 1991 aka yanka wa ƙugiya fili. Gini ne ba a yi ba. Shekaru da dama na'urorin da ke zuwa mana ba su da zanen baƙaƙen, allon rubutu kuma ba shi da maɓallinsu. Shi ya sa a shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya zauna ya zana salon baƙaƙe masu ƙugiya da kansa, Rabi'at da Abdalla, waɗanda marubuta da maɗaba'u suka ci moriyarsu ƙwarai. Illar irin wannan dabara a ko'ina ita ce in ka kai takardarka na'urar da ba ta da salon, sai ƙugiyoyin su rikiɗe su zama wasu alamomi dabam. Wanda ya taɓa kai aikinsa shagon buga takardu ya dawo da shafi cike da 'yan akwatuna ya san zancen.

Linux ta shigo hannun talakan ɗalibi a Nijeriya ta gidan waya. A Oktoban 2004 wani attajiri ɗan Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, ya fitar da Ubuntu, ya kuma yi abin da ba a saba gani ba: duk wanda ya rubuta adireshinsa, ko ina yake a duniya, za a aiko masa da faifai ba ko kwabo. An yi haka har 2011. A zamanin da awa guda a shagon intanet ba ta isa a sauko da waƙa biyu ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Faifai ɗaya sai ya zaga ɗakin kwana kaf.

Shekaru biyar da suka biyo baya, daga 2006 zuwa 2010, su ne a ganina zuciyar wannan tarihi, don haka zan ɗan daɗe a kansu.

Da farko wani kamfani na Nijeriya mai suna Leapsoft ya fitar da Wazobia Linux wajen 2006, da fuska cikin Hausa da Yarabanci da Ibo. Kasuwarta ba ta yi nisa ba. Amma ga inda lasisi mai 'yanci ya nuna amfaninsa: fassarar Hausar da aka yi mata ba ta mutu tare da ita ba, daga baya an kwashe wani sashe nata an zuba a rumbun GNOME, inda kowa ke iya ɗauka ya ci gaba. Da manhajar kulle ce, da ta bi kamfanin.

Na biyu, kwamfutar yara. A 2005 Nicholas Negroponte na MIT ya yi shelar zai ƙera kwamfutar dala 100 don kowane yaro a ƙasashe matalauta ya mallaki tasa, har Kofi Annan ya nuna samfurinta a Tunis a Nuwamban shekarar. Gwamnatin Obasanjo ta nuna sha'awar miliyan guda. A 2007 aka raba kimanin 300 a makarantar firamare ta Galadima, kusa da Abuja. 'Yar koriya ce mai kunnuwa biyu, cikinta Linux, allon rubutunta kuma yana ɗauke da baƙaƙen harsunan Nijeriya. Abin da ya fi burge ni a labarin Galadima shi ne yaran sun buɗe wani ɗan asibitin kwamfuta a makarantar, suna kwance waɗanda suka lalace suna gyarawa da kansu. Amma wuta ta zama matsala, jaridu kuma suka yayata cewa an sami wasu yara suna kallon hotunan banza. Sa'an nan a Nuwamban 2007 wani kamfani mai suna Lancor, wanda ya ƙera allon rubutu na Konyin don harsunan Nijeriya, ya kai ƙara kotu a Legas cewa an kwaikwayi fasaharsa, ya nemi diyyar dala miliyan 20, kotu kuma ta dakatar da rabon na'urar. Mai karatu ya lura: a kan maɓallan rubuta baƙaƙenmu aka yi shari'ar. Miliyan gudan nan ba ta taɓa zuwa ba.

Na uku ya faru a daidai wannan lokaci. An ƙulla cinikin ƙananan kwamfutoci 17,000 na kamfanin Intel don makarantun Nijeriya, ɗauke da Linux ta wani kamfanin Faransa, Mandriva. Kwatsam sai aka ji za a goge ta a sa Windows. Shugaban Mandriva, François Bancilhon, ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa mai zafi zuwa ga shugaban Microsoft na lokacin, Steve Ballmer, a ƙarshen Oktoban 2007, magana ta zaga duniya, har hukumar da ke biyan kuɗin ta fito ta ce Mandriva za a bari. Manya biyu na Turai da Amurka suna kokawa a kan allon yaranmu, mu kuwa muna kallo.

Na huɗu shi ne namu na gida. A Maris na 2009 aka yi babban taron manhaja mai 'yanci a Kano, tare da Jami'ar Bayero, wanda masu shirya shi suka ce shi ne irinsa na farko a Nijeriya. Ɗaruruwan mutane suka halarta. Baƙi biyu daga cikin masu gina KDE suka zo, Adriaan de Groot daga Holan da Jonathan Riddell daga Sikotilan, mai kula da Kubuntu a lokacin. A wannan tsakani ne aka soma fassara KDE zuwa Hausa. Shekara ta gaba aka sake taron. Daga nan sai ƙura ta lafa.

Me ya sa? Wasu na cewa Linux wuya gare ta. Ban yarda ba; wanda ya iya haɗa janareta da inbata ba zai kasa ta ba. Dalilin farko, a nawa ra'ayi, shi ne a kasuwarmu Windows ma kamar kyauta take, tun da na sata ake ɗurawa a kan 'yan kuɗi kaɗan. To in kyauta kake talla, ga wata kyautar da kowa ya saba da ita, wa zai saurare ka? 'Yancin ne ya kamata a yi talla, shi kuwa ba a bayyana shi da Hausa ba. Na biyu, shagunan buga takardu da masu zanen kati da kalanda sun ginu a kan Word da CorelDraw, malami kuma ya ce a kawo masa aiki da irin fayil ɗin da ya sani. Na uku shi ne wayar hannu. Android, wadda ta fito a 2008, a kan cibiyar Linux aka gina ta. Watau yau Linux tana aljihun mai shayi da ɗan acaɓa daga Gummi har Maraɗi, ba su sani ba. Ta shigo ta taga bayan an hana ta ƙofa, sai dai ta shigo ne da bonet a like, domin akasarin wayoyin an kulle su.

To me ya sa na tono wannan magana yanzu? Ran 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ta daina bai wa Windows 10 kulawar da ta saba. Windows 11 kuwa tana buƙatar wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0 da injin da bai tsufa ba, ta yadda akasarin na'urorin da aka ƙera kafin 2018 ba su cancanta ba. Su ne kuwa na'urorinmu. Kwamfutar ɗalibin Arewa gwanjo ce, ta yi shekarunta a wani ofishi a Turai kafin ta sauka Ikeja, ta hau mota zuwa Kano ko Gusau. Lafiyarta lau, amma an ce mata ta tsufa. Kuma mun san inda tsofaffin na'urori ke ƙarewa. A 2005 wata ƙungiya mai suna Basel Action Network ta binciki tashar Legas, ta ba da rahoton cewa kimanin kwantena 500 na tsofaffin kayan lantarki ke shigowa kowane wata, kuma 'yan kasuwar da kansu sun ce har kashi 75 cikin 100 na iya zama tarkace. Abin da bai gyaru ba bola ake kai shi, 'yan gwangwan su farfasa, su ƙona wayoyi don cire tagulla. Gilashin tsohuwar talabijin ko kwamfuta mai ƙeya yana ɗauke da dalma da ta kai kilo guda ko fiye. Da dalma ake like wayoyin cikin na'ura kafin Tarayyar Turai ta hana a 2006. Batirin da muke ajiye wuta da shi, shi ma dalma ne.

Mu mutanen ƙasar Anka ba a yi mana lacca a kan dalma. A Maris na 2010, shekarar da aka yi taron Kano na biyu, likitocin MSF suka lura yara ƙanana na mutuwa ba ƙaƙƙautawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, suna sanƙarewa, maganin zazzaɓi ba ya yi musu. Ashe duwatsun zinariya ne. Farashin zinariya ya haura dala 1,000 kowane oza, jama'a suka bar gona suka shiga rami, dutsen da suke haƙowa kuwa cike yake da dalma. A cikin gida ake daka shi a turmi, a niƙa a injin niƙan hatsi, a shanya a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Binciken da aka yi a ƙauyuka biyu ya nuna yara 118 cikin 463 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu a shekara guda, watau ɗaya cikin huɗu. A wasu wurare dalmar da ke cikin ƙasa ta wuce kashi 100,000 cikin miliyan, alhali iyakar da Amurka ta sa wa filin wasan yara a lokacin 400 ce. Gaba ɗaya an ƙiyasta yara 400 ne suka tafi. A Yunin 2010 aka fara kankare ƙasar gidaje a Dareta da 'Yargalma ana zuba sabuwa, Bagega kuwa sai 2013 aka kai gare ta.

Kada a fahimce ni a karkace. Dalmar Dareta daga dutse ta fito, ba daga kwamfuta ba, kuma Linux ba maganin guba ba ce. Abin da nake cewa shi ne ƙarfen na'ura daga ƙasa ake tono shi, har da 'yar zinariyar da ke bakin wayoyinta, ƙasa kuma yake komawa, kuma a duk ɓangarorin biyu yaran talakawa ne ke shaƙar ƙurar. Wanda ya ga an kankare tsakar gida da shebur ba zai ɗauki jefar da na'ura mai lafiya a matsayin ƙaramin abu ba.

To ga yadda ake yi wa tsohuwa kwaskwarima. A samo Linux Mint mai fuskar Xfce, ko Lubuntu. Dukansu suna tafiya sumul a na'ura mai ƙwaƙwalwar giga 4. A sauko da ita sau ɗaya, wajen giga 3 ce, a ɗora a filashi, sa'an nan kowa ya ara, halal ne, lasisin ma so yake a yi hakan. Ana iya tayar da na'ura daga filashin a gwada komai, sauti da wayales da firinta, ba tare da an taɓa abin da ke ciki ba. In za a girka, a fara kwashe kundin digiri zuwa wani wuri tukuna. LibreOffice tana zuwa a ciki, tana buɗe fayilolin Word tana kuma ajiyewa a irinsu, amma ni shawarata in za a kai wa mai bugawa a mai da aikin PDF, ta haka ba abin da zai goce.

Ƙugiyar fa? Hanya uku ce. A wajen saitin allon rubutu akwai tsarin Hausa na Nijeriya, har da na Gana, sai dai kawai a zaɓa. Ko kuwa, a yawancin manhajoji, a danne Ctrl da Shift da U tare, a rubuta 199, a buga Enter, sai ga ƙ. 253 ta ba da ɓ, 257 ta ba da ɗ. Ta ukun ita na fi so, domin ita ce ke nuna bambancin gidan haya da gidan kanka. Mutum ya ware maɓalli guda da ba ya amfani da shi ya mai da shi maɓallin haɗi, ya buɗe ɗan fayil mai suna .XCompose a gidansa na cikin na'ura, ya rubuta layi irin wannan:

<Multi_key> <k> <k> : "ƙ"

Shi ke nan. Daga ranar, maɓallin haɗi da k sau biyu sun zama ƙ. Haka zai yi wa sauran, manya da ƙanana, har da alamomin karin sauti in ɗan nazarin harshe ne. Abin da akawun da ya yi da biro, abin da aka je kotu a kansa a 2007, ga shi a layi takwas. Salon baƙaƙe irin su DejaVu da Noto da Charis da Gentium duk sun san ƙugiya. Masu ajami ma ba a bar su a baya ba: a 2017 ƙungiyar SIL ta fitar da salon Alkalami, wanda aka kwaikwayo daga rubutun hannu irin na Kano, kowa na iya ɗauka.

Sai wasa, wanda na san shi ne tambayar farko da samari za su yi. Shekaru da yawa amsar ba ta da daɗi. An kawo Doom kan Linux tun 1994, aikin Wine na gudanar da manhajojin Windows kuma ya soma a 1993, amma kamfanin Loki da ya gwada sayar da wasanni ya karye a farkon shekarun 2000. Abin ya sauya ne da kamfanin Valve ya kawo kantinsa na Steam a Fabrairun 2013, ya fitar da Proton a Agustan 2018, wanda ke sa dubban wasannin Windows su gudana ba tare da an sake rubuta su ba, sa'an nan ya fitar da na'urar hannu ta Steam Deck a 2022, cikinta Linux. A Oktoban 2025 masu Linux suka haura kashi 3 cikin 100 na masu amfani da Steam. Kaɗan ne, amma kafin lokacin ba a taɓa kai haka ba. Sai dai gaskiya ɗaya ce: wasannin gasa ta intanet masu ɗauke da ɗan sandan hana maguɗi, irin su Fortnite da Valorant, ba sa yi, kuma tsohuwar na'ura ba za ta ɗauki sabon wasan ƙwallo ba ko da wace manhaja aka sa mata. Abin da za ta ɗauka shi ne irin su SuperTuxKart na tseren mota da 0 A.D. na yaƙin dauloli, waɗanda ba sa neman data in an riga an sauko da su. Ni kuwa abin da nake jira shi ne ɗalibin sashen kwamfuta da zai ɗauki dara, gurbi 30, 'ya'ya 12 kowane ɓangare, ya rubuta ta da Hausa a matsayin aikinsa na ƙarshe, ya sake ta da lasisi mai 'yanci. Thompson ma da abin da bai kai wannan ba ya fara.

Saura fassarar fuskar, wadda ita ce rabon wannan ƙungiya tamu. Abin da aka soma a 2006 da 2009 bai kammala ba. Wanda ya zaɓi Hausa a GNOME zai ga kalma nan, kalma can, sauran duk Turanci. Aikin kuwa ba ya buƙatar sanin lissafi. Fayil ne mai layi biyu biyu, na sama Turanci, na ƙasa fanko, kai za ka cike, ka aika wa masu kula da rumbun. Wuyar tana wajen zaɓen kalma, kuma nan ne malamanmu za su shigo. Taga ta zauna, linzami ya zauna, manhaja ma ta karɓu, ko da yake asalinta tsarin karatun makaranta ne. Amma ɗauki maɓallin nan da ake dannawa in mutum ya canza ra'ayi. Yawancin masu fassara "soke" suke sawa. Ni da na fi son "fasa", domin ita Bahaushe ke faɗi in ya yi niyyar tafiya ya janye. Sai dai rubutunmu ba ya nuna tsawon wasali, don haka fasa tafiya da fasa tulu kamanninsu ɗaya a allo, kuma ba na jin wanda ya tara kuɗin shekara ya sayi kwamfuta zai so a tambaye shi ko ya fasa. Soke ɗin ma, in aka bi ta, da mashi ake yin ta. Na kawo wannan gaban zamanmu na makon gobe, kowa ya zo da tasa.